Shatar jirgin ruwa don hutun iyali a tsibiran Girka

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham da maiɗakina da 'ya'yanmu uku, babbar shekara 12, mai bi mata 8, autan 4. Hajiyata za ta zo mana daga Kano a hutun makaranta na Agusta. Ina so in ɗauki shatar jirgin ruwa mai tafiya da iska na mako guda mu zagaya tsibiran Girka, musamman Santorini da Mykonos da nake gani a hotuna. Wani abokin aikina ya ce in na yi kwas na 'yan kwanaki zan iya tuƙawa da kaina in rage kuɗi. Yara biyun manya ne kawai suka iya iyo. Hajiya kuwa da ta ji maganar sai ta ce ba da ita ba. Shin zai yiwu? Nawa zai ci? Yaya batun salla da abinci?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka guda ce a baki, amma in an warware ta huɗu ce: wane teku za ku shiga, wa zai tuƙa, wane irin jirgi, sannan yadda za a yi da Hajiya. Na koyi tuƙi a bakin tekun kudancin Ingila, daga baya na yi shekaru ina tuƙa iyalai a Girka lokacin zafi, don haka da abin da idona ya gani zan amsa maka. Zai yiwu, kuma za ku ji daɗinsa, da sharaɗi biyu: ka haƙura da Santorini a wannan karon, kuma ka bar wa wani sitiyarin.

Me ya sa na ce a bar Santorini

Hotunan ba ƙarya suka yi ba, sai dai hoto ba ya ɗaukar iska. Girka na tsakanin tekuna biyu, Ejiyan a gabas, Iyoniya a yamma, kuma halinsu ya sha bamban. Santorini da Mykonos suna Ejiyan, inda wata iskar arewa da ake kira meltemi ke kaɗawa, ƙarfinta kuma a Yuli da Agusta yake, daidai lokacin da kake so. Matuƙa na auna iska da ma'aunin Beaufort, daga 0 zuwa 12. Meltemi takan kai 6 ko 7, wani lokaci 8, ta yi kwana uku ko huɗu ba ta lafa ba. A irin wannan yanayin ko dai ku fita igiyar ruwa ta yi ta jijjiga ku har kowa ya amayar da abin da ya ci, ko ku zauna a tasha ɗaya kuna kallon kwanakin da kuka biya suna ƙarewa. Girkawa da kansu suna yi wa Mykonos kirari da tsibirin iska. Santorini kuma bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cike, zurfinsa ya wuce a jefa anga, wato ƙugiyar ƙarfe mai tsayar da jirgi, ta kama ƙasa a mafi yawan wurare, ga shi tana da nisan sama da mil 100 na teku daga tashoshin da ke kusa da Atina. Jirgin da ke tafiyar mil 5 ko 6 a awa, wato wajen kilomita 10, zuwa da dawowa kawai zai cinye muku makon.

Inda nake kai iyali masu ƙananan yara shi ne kudancin Iyoniya: Lefkada, Meganisi, Kalamos, Kastos, Itaka da arewacin Kefaloniya. Manyan tsibiran sun tare ruwan daga yamma, sai tsakiyar ta zama kamar babban tafki. Iskar wurin tana da tsari kamar ma'aikaciyar gwamnati. Da safe shiru, ruwa kamar faranti. Bayan azahar sai ta taso daga arewa maso yamma, ta kai 3 ko 4, wani lokaci 5, da faɗuwar rana ta kwanta. Tsakanin wannan tasha da waccan awa biyu ne ko uku, kuma ba za ku taɓa daina hango ƙasa ba, wanda ba ƙaramin abu ne ga mai tsoron ruwa ba. Daga Landan da Manchester akwai jiragen sama da ke sauka kai tsaye a filin Aktion kusa da Preveza lokacin zafi, daga can zuwa garin Lefkada wajen rabin awa ne a mota.

Kada ka ɗauka tekun ba ya fushi. A Satumbar 2020 guguwar da aka sa wa suna Ianos ta afka wa Kefaloniya da Itaka, ta nutsar da jirage a cikin tasha. Irin wannan ba kasafai ba ne, kuma ana sanar da zuwanta tun da kwanaki, amma tana cikin dalilan da suka sa nake so a samu wanda ya san karatun yanayi a tare da ku.

Maganar abokin aikinka

Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kwas ɗin Day Skipper na RYA, hukumar harkar tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya, kwana biyar ne a kan ruwa, bayan karatun aji na wajen awa 40, kuma da shi za ka iya neman takardar ICC, wato shaidar iya tuƙi ta ƙasa da ƙasa, da ake karɓa a Girka. Hukumomin tashar Girka suna so a samu mai takarda ɗaya a jirgin, da wani baligi na biyu da zai sa hannu cewa yana da gogewar taimakawa. To a jirginku waye na biyun? Maiɗakinka, wadda ba ta iya iyo ba, ga kuma yaro ɗan shekara 4 a hannunta.

Tafiya a tsakiyar ruwa ba ita ce wahalar ba, 'yarka mai shekara 12 za ta iya riƙe sitiyari ranar farko. Wahalar tana ƙarshen yini. A Girka ba a jingina jirgi da gefensa kamar yadda za a koya maka a Ingila. Ana jefa anga tun daga nesa, a riƙa sakin sarƙa ana komawa da baya, har a cusa gindin jirgin a wani ɗan tsukin wuri tsakanin jirage biyu, a jefa igiya biyu a ɗaure. Kuma lokacin da kowa ke shigowa shi ne lokacin da iskar la'asar ke bugun jirgi ta gefe. Je ka Fiskardo, wani ƙaramin gari a arewacin Kefaloniya, ƙarfe biyar na yamma a watan Agusta ka zauna a bakin ruwa: mutum a kan sitiyari yana ƙwala wa matarsa kira ta saki sarƙa, ita tana can gaba ba ta jin abin da yake cewa saboda ƙarar injin, jirgin ya karkace ya nufi na maƙwabci, maƙwabcin ya fito da tawul a ƙugu yana zagi da Italiyanci, masu cin abinci sun ajiye cokali suna kallo. Da safe kuma a tarar angar wannan ta hau kan sarƙar wancan, a yi awa guda ana warwarewa. Ni kaina sai da na yi wannan shigar ta baya sau da yawa kafin gabana ya daina faɗuwa.

Don haka ka ɗauki jirgi tare da matuƙi. In sha'awar koyo ce da kai, ka gaya masa tun ranar farko, yawancinsu suna murna su samu mai son koyo, kuma mako guda a gefen gwani ya fi maka kwas ɗin amfani a matakin farko. Akwai kuma tsarin ayari, inda jirage goma ko sha biyu ke tafiya tare da jirgin jagora da ke taimaka musu ɗauri kowace yamma. Wannan na shekara mai zuwa ne, in ka samu takardarka.

Abu ɗaya da mutanenmu ba su cika lissafawa ba: matuƙin nan baƙo ne da zai kwana bakwai da iyalinka a wurin da bai fi falo da ɗakuna ƙanana ba. Dole a ba shi ɗakinsa, kuma cinsa a kanku yake. Tun kafin ka biya ko sisi ka rubuta wa kamfanin cewa ku Musulmi ne, ba a shigo da giya ko naman alade jirgin, kuma akwai mata masu lulluɓi. Ka nemi su haɗa ka da shi ta waya. Akwai mata matuƙa ƙwararru, in ka nema da wuri za a iya samu, kuma na ga yadda hakan ke sa uwargida ta sake.

Jirgin da kuɗinsa

Iri biyu ne. Akwai mai ciki ɗaya, wanda ke da wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin, ya nutsa wajen mita biyu a ruwa. In iska ta cika ƙyallen da ke tura jirgin sai ya kwanta gefe guda, ƙarfen nan ya hana shi kifewa ya dawo da shi. Matuƙi na jin daɗin wannan karkatar, Hajiya kuwa salati za ta yi ta yi. Akwai kuma katamaran, kamar an haɗa kwale-kwale biyu an shimfiɗa falo a tsakaninsu. Ba ya karkata, kofin shayi na zama a kan tebur, ɗakuna huɗu biyu kowane ɓangare, sai ka sa mata a ɓangare ɗaya, matuƙi a ɗaya ɓangaren. Ku shida da matuƙi bakwai, katamaran mai tsawon ƙafa 40 zuwa 42 shi ya dace da ku. Aibinsa tsada, da kuma faɗinsa da ke sa samun wuri a ƙananan tashoshi ya yi wuya.

Farashi na hawa da sauka gwargwadon shekarun jirgi da wata, amma a Agusta ka sa a ranka mai ciki ɗaya mai ɗaki huɗu zai kai Yuro dubu 4 zuwa 5 da ɗoriya a mako, katamaran kuwa daga wajen dubu 7 zuwa sama. A Yuni ko ƙarshen Satumba yakan sauko sosai. Matuƙi wajen Yuro 200 zuwa 250 a rana. Sai kuɗin wanke jirgi a ƙarshe, man dizal da za ka cika ranar dawowa, ɗan injin ƙaramin kwale-kwalen roba da ake fita gaɓa da shi, wanda wasu kamfanoni ke caji daban, da abinci. Kuɗin kwana a bakin ƙananan garuruwa ba shi da yawa. Yawanci ana biyan rabi a matsayin kafin alƙalami, ragowar wata guda ko makonni shida kafin tafiya.

Sai kuɗin jingina, Yuro dubu biyu zuwa huɗu da za a riƙe a katinka ko da an yi ɓarna. A nan na taɓa shan ƙasa. Wata shekara na karɓi jirgi da yamma a gajiye, ma'aikacin kamfanin na sauri, na sa hannu ban leƙa gefen hagu ba. Ranar Juma'a da na dawo aka nuna mini wani karce mai tsawon kamu guda, aka ce nawa ne. Na san ban taɓa komai ba, amma ba ni da shaida, aka zaftare kuɗi. Tun daga ranar, kafin in sa jaka a jirgi sai na zagaya shi da waya ina ɗaukar bidiyo, har ƙyallen sai an buɗe mini na gani. Ka tambaya a rubuce wa ke biya in matuƙinsu ne ya yi ɓarnar, ka kuma tambayi inshorar da ake biya sau ɗaya don a rage jinginar.

Shata daga Asabar zuwa Asabar take, amma kada sunan ya ruɗe ka. Sai wajen ƙarfe biyar na yamma ake miƙa jirgi, ranar Juma'a da yamma kuma dole ku dawo tasha, ku sauka Asabar ƙarfe tara na safe. Kwana shida ne na tafiya. Da ni ne, Lahadi zan bi mashigin Lefkada in wuce gefen Skorpios, tsibirin da attajiri Aristotle Onassis ya saya, inda ya auri Jacqueline Kennedy a 1968, in kwana Meganisi. Daga nan Kalamos ko Kastos, sai Kioni ko Vathy a Itaka, sai Fiskardo, garin da ya tsira da tsoffin gidajensa daga girgizar ƙasar 1953 da ta rushe yawancin Kefaloniya, sai Sivota, sai gida. Amma kada ka riƙe wannan jerin kamar aya. In matuƙi ya duba hasashe ya ce yau ba Itaka, to ba Itaka.

Salla, ruwa da abinci

Tankin ruwan daɗi a irin wannan jirgin lita ɗari uku ne zuwa shida, ga mutum bakwai masu wanka da alwala sau biyar. Sauƙin da muke da shi tsoho ne: a Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin mutumin da ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna hawa teku da ruwa kaɗan, ko za su yi alwala da ruwan teku, aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ni a matakalar baya nake zama in ɗebo da bokiti in yi alwalata. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, wajen digiri 130 a kamfas ɗin jirgi. Sai dai jirgin da ke kan anga juyawa yake da iska, za ka iya kabbara kana duban gabas ka sallame kana duban kudu, shi ya sa na fi son in fita gaɓa in shimfiɗa darduma in da hali. Hukuncin kasaru da haɗa salloli da juyawar jirgi, ka zauna da malaminka kafin tafiya, ni matuƙi ne. Rana a Agusta sai wajen takwas da rabi take faɗuwa. Ban taɓa cin karo da masallaci a waɗannan tsibiran ba. Mutanen Venis ne suka daɗe suna mulkin yawancinsu, sai Birtaniya daga 1815 zuwa 1864, saɓanin Rodos da Kos da suka daɗe a hannun Daular Usmaniyya.

Ban-ɗakin jirgi famfon hannu ne ko na lantarki, bututunsa siriri, ba a jefa masa komai ko da tishu. Mu masu buta mun huta da rabin matsalar. Yara ne abin lura: ƙyallen goge jariri guda ɗaya ya taɓa toshe mini bututu a Kastos, na yi rabin yini da safar hannu cikin zafi, ba na son tunawa.

Naman halal kada ka sa rai da shi. Souvlaki da gyros, gasassun namansu, yawanci alade ne in ba a ce kaza ba, kuma ana zuba giya a wasu dahuwar, sai ka tambaya. Kifi gasasshe kuwa ko'ina akwai, mai kyau sai dai da kilo ake sayarwa, ka ji farashi kafin a ɗora a wuta. Akwai briam, wato gasasshen dankali da kabewa da tumatir, da gigantes, manyan wake cikin miyar tumatir da Hajiya za ta gane. Ka gaya mata kada ta wahala da kilishi ko dambun nama: Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, har daga Birtaniya. Yaji da busasshiyar kuka ban taɓa samun matsala da su ba. Babbar sayayya ku yi ta a garin Lefkada ranar Asabar, a ƙananan tsibirai komai ya fi tsada. In kuma abincin halal da jin kiran salla sun fi komai a wurinku, ka duba Göcek da Fethiye a Turkiyya, ruwan can ma a kwance yake, da tsibirai kusa da juna.

Yara da Hajiya

Tsoron Hajiya ba na banza ba ne. Duk wanda ke jin labarin kwale-kwalen da ke kifewa a Neja da Kebbi da Sakkwato yana da hujjar gudun ruwa. Ka zauna ka nuna mata bambancin: yawancin waɗancan haɗurran lodi ne fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Wannan jirgin an rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a takardarsa, akwai riga ga kowa, da rediyon da ake kiran agaji a tasha ta 16, lambar masu gadin tekun Girka kuma 108 ce, ko 112.

Dokata a jirgi ba ta da sassauci. Wanda bai iya iyo ba, babba ko yaro, in jirgi na tafiya kuma yana waje, rigarsa na jikinsa. Autan ka saya masa tasa tun daga Ingila, daidai nauyinsa, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, domin wadda ba ta da ita sulluɓewa take ta kai in ya faɗa ruwa. Ka sa kamfanin ya ɗaura raga a kewayen jirgin. Ba mai shiga ruwa sai an kashe injin. Watannin da suka rage kai da maiɗakinka ku shiga koyon iyo, a Birmingham ana samun lokutan mata zalla a wuraren iyo. Tashin zuciya kuma, a zauna a waje ana duban inda sama ta haɗu da ruwa, kada a shiga ɗaki ko a duƙufa kan waya, ɗanyar citta na taimaka wa wasu. Maganin ƙwaya ka bar wa likita, musamman in Hajiya na shan na hawan jini ko suga. A ƙarshen zafi rina na damun masu cin abinci a wasu lungunan, mutanen wurin garin kofi suke kunna wa wuta a faranti hayaƙin ya kore ta.

Abin da zai fi ba Hajiya wuya shiga da fita ne. Daga gindin jirgi zuwa gaɓa wani siririn katako ake takawa, yana motsi, in kuma a kan anga kuke sai an sauka cikin kwale-kwalen roba. Ban san ƙarfin gwiwarta ba, kai ka sani. Na taɓa ɗaukar wata dattijuwa da aka lallaso dole, ta kwana shida a falo riƙe da carbi ba ta leƙa waje ba, ɗanta ma bai more komai ba. In ta tsaya a kan ba da ita ba, ku kama mata masauki a Nidri ko garin Lefkada tare da wani, ku gayyato ta fita ta rabin yini da safe lokacin da ruwa ke kwance, ta gani da idonta.

Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, biza ce farkon aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Birtaniya ba ta shiga Girka, sai ta Schengen, bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, kuma ƙa'ida a nema daga ƙasar da mutum yake zaune, don haka Hajiya daga Najeriya za ta nema kafin ta taso. Kuɗinta Yuro 90 ga babba tun 2024, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro dubu 30, ana kuma iya miƙa takardu tun saura wata shida. Ku ma in fasfon Najeriya kuke riƙe da shi, zaman Ingila bai ɗauke muku ba. Katamaran na Agusta kuwa tun Janairu da Fabrairu masu kyau ke ƙarewa, sai ka tambayi kamfanin me zai faru da kafin alƙalaminka in an hana wani biza, su ba ka amsar a rubuce kafin ka tura kuɗi.